Jinyar gaggawa a asibitin kuɗi: yadda ɗan fansho zai bi a mayar masa da abin da ya kashe

Idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi da tsakar dare, baki ya karkace, hannu ya saki, babu ɗan da zai tsaya binciken wane asibiti aka rubuta a katin inshora. Mota ake nema, a nufi inda aka ga fitila a kunne, kuma sau da yawa wurin asibitin kuɗi ne. Can za a ce a ajiye kafin alƙalami. Wannan ya turo, wancan ya ranto, wata ta sayar da ɗan kunne. Sai an samu kwana goma, ƙura ta lafa, sannan wani ya ce: "Ai Baba shekara talatin da biyar ya yi wa gwamnati aiki, ba za su mayar da kuɗin nan ba?"

Ana mayarwa, amma ba don an yi shekara talatin da biyar ana aiki ba. Abu biyu ke sa a mayar: sunan mutum yana cikin wani tsarin lafiya mai rai tun kafin ciwon ya zo, sannan iyalinsa sun riƙe takardu yadda ya kamata a kwana biyun farko. Yawancin waɗanda suka rasa kuɗinsu a waɗannan wurare biyu suka rasa shi, tun kafin su taka ofishin kowa.

Mataki na farko: wa ma za a bi bashin?

Wannan ake fara warwarewa, domin wahalar banza ce mutum ya yi wata uku yana sintiri a ofishin da ba shi da alhakin biyansa.

Kamfanin da ke kula da asusun fanshonka, wato PFA, fansho yake biya, ba kuɗin asibiti ba. Haka ma PTAD, mai biyan tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke kan tsohon tsari. Ka kai musu rasit ɗin tiyata, za su tausaya maka, su nuna maka ƙofa.

Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, wadda aka ƙaddamar a 2005 da sunan NHIS, ta koma NHIA bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayun 2022. Inshorar ma'aikaci a jikin albashinsa take rataye. Da ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, sunansa ya fita daga takardar albashi, a mafi yawan ma'aikatu inshorar ma ta tsaya. Abin takaicin shi ne katin yana nan a aljihu, hoto da lamba ba abin da ya goge, sai dattijo ya ɗauka har yanzu yana ciki. A ganina babu rashin adalcin da ya kai wannan a tsarin: an ɗauki nauyin mutum yana da ƙarfinsa, an sake shi daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga suka kama shi.

To ina ɗan fansho zai iya kasancewa?

Tsohon soja yana da DHML, kamfanin inshorar lafiya na rundunonin tsaro, wanda ke yi wa waɗanda suka yi ritaya rajista. Wanda ya yi aikin jiha ya nufi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, KTSCHMA a Katsina, JICHMA a Jigawa, SOCHEMA a Sakkwato, GoHealth a Gombe. Kowace jiha da dokarta da yadda ta ɗauki 'yan fansho, don haka kada labarin abokinka na wata jiha ya ruɗe ka. Wanda ya sayi inshora da kansa bayan ritaya, ta shirin GIFSHIP na NHIA ko ta wani kamfani, takardar yarjejeniyarsa ce alƙalinsa. Wasu manyan hukumomi masu cin gashin kansu suna da nasu tanadin ga tsofaffin ma'aikatansu, a rubuce cikin sharuɗɗan aiki, kuma sashen kula da ma'aikata ne zai nuna maka. A watan Agustan 2025 kuma Shugaba Tinubu ya umarci hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta gaggauta shirin kiwon lafiya kyauta ga masu ƙaramin fansho da ke kan tsarin adashin fansho. Wanda ke cikin wannan rukuni ya tambayi PFA ɗinsa ko sunansa ya shiga.

Tambaya ɗaya za ka yi a duk inda ka je: "A ranar kaza da aka kwantar da shi, sunansa yana kan rajista?" Ka ambaci ranar. Idan aka ce e, ka nemi sunan kamfanin HMO da ke riƙe da shi, wato kamfanin da ke ba da izinin jinya yana biyan asibiti a madadin inshora, da lambar da ake kira dare da rana. Idan aka ce a'a, to abin da za ka nema taimako ne, ba haƙƙi ba, kuma hanyarsa daban. Zan taɓo ta can gaba.

Mataki na biyu: a bakin ƙofar asibiti

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya karya zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ko babu takardar 'yan sanda. Ka san wannan, ka faɗe shi cikin ladabi idan an tsaya jan rai. Sai dai dokar cewa ta yi a ceci rai, ba ta ce kyauta ba. Lissafi yana nan tafe.

Da an karɓi mara lafiya, a tambayi mai karɓar kati: "Kuna cikin asibitocin da NHIA ko hukumar jiha ta tantance?" Asibitocin kuɗi da yawa suna ciki. Idan suna ciki, aiki ya zo da sauƙi, domin su za su nemi lambar izini daga HMO, su bi kuɗinsu can, kai kuma abin da ke kanka shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani a tsarin NHIA, sai abin da inshorar ba ta ɗauka ba. Kuɗin da ba ka fitar ba ya fi wanda za ka bi a mayar maka.

Ƙa'idar NHIA ita ce ba a jiran lambar izini kafin a fara jinyar gaggawa, amma dole a same ta cikin sa'a 48 da fara jinyar. Daga 1 ga Afrilun 2025 kuma hukumar ta ɗora wa kamfanonin HMO su amsa buƙatar izini cikin sa'a guda. Waɗannan sa'o'i 48 su ne ƙashin bayan komai. Kada ku bar wa asibiti kaɗai. A ware mutum ɗaya cikin 'ya'ya, mai natsuwa, wanda aikinsa ke nan. Ya kira HMO, ya faɗi sunan mara lafiya da lambarsa da sunan asibiti da abin da likita ya ce. Ya rubuta sunan wanda ya amsa da ƙarfe nawa ne. Ya ajiye waya, ya bi da saƙon tes ko imel ko WhatsApp mai ɗauke da wannan bayani, ya ɗauki hoton saƙon. Kiran waya iska ne. Ranar gardama rubutu kaɗai zai tsaya maka.

A cikin saƙon a yi musu tambaya kai tsaye: a ci gaba da jinya a nan, ko a mayar da shi wani asibitin? Dalili shi ne masu biya suna raba kwanciyar asibiti kashi biyu. Akwai lokacin da rai ke cikin haɗari, akwai lokacin da mara lafiya ya farfaɗo har ana iya ɗaukarsa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko duk inda aka yi masa rajista. Idan HMO ta ce a ɗauke shi, iyali suka ce a'a, nan ya fi tsabta, nas-nas ɗin sun fi fara'a, to kwanakin da suka biyo baya suna iya komawa kan iyali. Idan likita ne ya ga ɗaukarsa haɗari ne, a roƙe shi ya rubuta hakan a fayil da hannunsa.

Mataki na uku: takardu

Nan zan daɗe, don nan ake faɗuwa.

Takarda mafi daraja ita ce rahoton likita mai tabbatar da cewa gaggawa ce. Ba "an kwantar da shi, an yi masa magani, an sallame shi" ba. Ana son ta faɗi rana da lokacin da aka kawo shi, halin da ya zo a ciki, awon jininsa ko na suga a lokacin, cutar da aka gano, abin da aka yi masa nan take, da kuma cewa jinkiri zai iya jawo asarar rai ko nakasa. A kan takarda mai tambarin asibiti, da cikakken sunan likita da sa hannu da hatimi. Wanda zai duba fayil ɗinka a ofis bai ga Baba a sume ba. Abin da likita ya rubuta shi ne idonsa. Kalmar "gaggawa" idan babu ita a rahoton, za a ɗauka kun zaɓi asibitin kuɗi ne don jin daɗi.

A nemi rahoton tun ba a bar asibiti ba. Likitocin asibitin kuɗi da yawa na kwangila ne, yau suna nan gobe sun koma wani wuri, kuma wanda ya gaje su ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Kundin Haƙƙoƙin Majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya ba mara lafiya ikon samun bayanan jinyarsa da lissafin kuɗi a fayyace, don haka ba alfarma kake roƙo ba.

Sai lissafin kuɗi dalla-dalla. Takardar da ta ce "jimilla naira dubu ɗari tara" ba ta da amfani. Sai an ga kuɗin gado na kowane dare, kuɗin ganin likita, kowane gwaji da farashinsa, kowane magani da adadinsa, jini leda nawa, iskar oksijin awa nawa. Da wannan ake auna abin da za a biya.

Sai rasit na kowane biya, na asali. Alat na banki da 'yar takardar POS suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin rasit ɗin asibiti. Tawadar takardar POS ma gogewa take yi cikin 'yan makonni, musamman a zafin bazara, don haka a yi mata fotokwafi a ranar. Kuma kada a tura kuɗi asusun wani ma'aikaci don an ce na asibiti ba ya shiga. In dole ta sa, a karɓi rasit mai hatimi nan take. A duba sunan da aka rubuta: na mara lafiya ake so, yadda yake a katin inshora. Idan kati ya ce Muhammad, rasit ya ce Mamman, ko akawu ya rubuta sunan ɗan da ya miƙa kuɗin, an buɗe ƙofar jayayya. A gyara a wurin.

Maganin da aka ce a je kemis a sayo, a haɗa rasit ɗinsa da takardar likitan da ya rubuta shi, a ɗinke su wuri guda. Gwajin da aka yi a waje, kamar hoton ƙwaƙwalwa, a haɗa takardar turawa da sakamako da rasit. Idan an saka wani ƙarfe a ƙashi ko na'ura a zuciya, a karɓi kwalin ko 'yar takardar da ke ɗauke da lambarsa. A ƙarshe takardar sallama, da kwafin katin inshora, da shaidar ritaya, da katin zama ɗan ƙasa.

Ni dai shawarata, a sayi fayil ɗin roba tun ranar farko, ya zauna a hannun mutum ɗaya. Jinyar gidan Bahaushe ta taron dangi ce: wannan ya kwana, wancan ya wuni, kowa ya biya wani abu ya cusa rasit a aljihun riga, rigar kuma ta tafi wanki.

Mataki na huɗu: rubuta buƙata da miƙa ta

Kada a jira Baba ya warware sarai. Kowane tsari yana da wa'adin karɓar irin wannan buƙata. A tambaya tun a kiran farko, a kuma miƙa cikin makon sallama in da hali.

Wasiƙar shafi ɗaya ta isa, da sunan ɗan fanshon da sa hannunsa ko dangwalen yatsa. Ta faɗi wane ne shi da lambarsa. Abin da ya faru da rana da lokaci. Dalilin zuwa wannan asibiti, misali shi ne mafi kusa, ko an je na gwamnati ba gado, ko likitoci na yajin aiki. Lokacin da aka sanar da HMO da wanda ya amsa. Jimillar abin da aka kashe. Lambar asusun banki mai sunansa. Sai jerin takardun da aka haɗa, kowace da lamba. Ba wurin zayyana shekarun da aka yi ana bauta wa ƙasa ba ne, ba kuma wurin zagi ba.

Dalilin zuwa asibitin kuɗi shi ne zuciyar wasiƙar. A Indiya an kai irin wannan magana har Kotun Ƙoli. Wani tsohon jami'in haraji, ɗan fansho a tsarin lafiyar ma'aikatan gwamnatin tarayyar ƙasar, ya yi jinyar zuciya ta gaggawa a asibitocin kuɗi da ba sa cikin jerin gwamnati, aka biya shi wani kaso aka hana shi saura. A watan Afrilun 2018 kotun ta ce a cika masa, ta kuma ce rashin sunan asibiti a jerin gwamnati kaɗai bai isa dalilin hana mutum haƙƙinsa ba; abin dubawa shi ne ko an yi jinyar da gaske, da shaidar likitoci. Hukuncin can ba ya aiki a Najeriya, amma hujjar ita ce wadda ya kamata wasiƙarka ta tsaya a kai: an yi jinyar, ga shaida, kuma babu zaɓi a lokacin.

A yi kwafi uku na komai. A kai ofishin HMO ko hukumar jiha, a sa mai karɓa ya buga hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan kwafinka. Idan sun nemi takardun asali, a ba su, amma a rubuta a kwafinka cewa sun karɓi na asali guda kaza. A kai kwafi ɗaya ofishin NHIA na jiha idan tsarin tarayya ne. Fayil ɗin da aka san wani na sama ya gani ba ya saurin ɓata.

Nawa za a samu?

Da wuya a mayar da duka, gara a sani tun yanzu. Masu inshora suna da jadawalin farashinsu, da shi suke biya, ba da farashin asibitin kuɗi ba. A ce asibiti ya caji dubu arba'in kuɗin ɗaki na musamman a dare, jadawali kuwa kuɗin babban ɗakin kwanciya ya sani; bambancin naka ne. Maganin kamfani mai tsada za a auna shi da ɗan'uwansa mai sauƙi da ke cikin jerin magunguna. Wasu manyan gwaje-gwaje da ayyuka raba kuɗin ake yi, wasu ba sa cikin tsarin sam.

Idan aka biya ƙasa da abin da aka nema, a buƙaci bayani a rubuce, layi bayan layi: me aka biya, me aka cire, bisa wane sashe. A nan ake gano kurakurai, kamar an tsallake rasit guda ko an ƙirga kwana biyar a maimakon bakwai. Kuma a karanta duk takardar da aka ce a sa wa hannu kafin karɓar kuɗi. Idan ta ce wannan shi ne biya na ƙarshe, alhali ana da niyyar ɗaukaka ƙara, a tsaya a yi shawara.

Idan aka yi shiru, ko aka ƙi

Bayan mako biyu zuwa uku a aika takardar tuni mai ambaton ranar da aka miƙa ta farko. Idan shirun ya ci gaba, a kai ƙorafi a rubuce ga NHIA ko ga shugaban hukumar jiha. NHIA tana hukunta asibitoci da kamfanonin HMO, kuma ta sha sa su mayar wa mutane kuɗin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Reshen ƙungiyar 'yan fansho ta NUP ma yana da amfani. Takardar da sakataren ƙungiya ya raka ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Daga nan sai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, mai ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Sharuɗɗanta biyu: ka fara bin hanyoyin cikin gida, kuma kada ka bari wata goma sha biyu su wuce daga faruwar abin. Kotu ita ce ta ƙarshe, amma mai tunaninta ya ga lauya da wuri, domin dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku a kan ƙararraki da yawa da ake shigarwa a kan hukumomi. Mutum na iya zaman jiran "ka dawo mako mai zuwa" har wa'adin ya ƙare bai sani ba.

Wanda aka tarar ba ya cikin kowane tsari, abin da ya rage masa shi ne takardar neman tallafin jinya zuwa tsohuwar ma'aikatarsa, ko ma'aikatar lafiya ta jiha, ko hukumar zakka inda take. Takardun nan dai su za a haɗa. Ana iya samu, ana iya rasawa, kuma ba a kai kowa ƙara a kai. Da ya samu sauƙi a yi masa rajista, a kuma tuna sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin ta fara aiki, ba ta kuma biyan jinyar da ta riga ta wuce.

Idan Allah ya yi masa rasuwa

Buƙatar ba ta mutu tare da shi ba. Magada za su iya miƙa ta, da ƙarin takardar shaidar rasuwa daga asibiti da takardar kotu mai nuna wanda zai wakilci magada. A sanar da masu biya rasuwar a rubuce, a tambaye su wane asusu za su yarda su biya a ciki, tunda banki na rufe asusun mamaci da zarar ya samu labari.

Sai a zauna a gida a fayyace abu ɗaya kafin kuɗin su fito. Wanda ya biya asibiti, kyauta ya yi wa mahaifinsa ko rance ya ba shi? In rance ne, bashi ne a kan mamaci, ana fitar da shi kafin rabon gado. In kyauta ce, ko daga asusun Baba aka biya, to abin da aka mayar ya shiga cikin dukiyar da za a raba. A rubuta wanda ya ba da nawa da niyyar da ya bayar da ita, a gaban shaidu biyu, a saka takardar cikin fayil ɗin robar nan tare da rasit-rasit ɗin.